Gida ɗaya, zama iri biyu

A shekarar 2017 ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa ta bi gidaje, birni da ƙauye, tana tambayar mutane abin da suke yi, sai ta fito da lissafi mai tsinka zuciya: cikin matasa 100 masu shekara 15 zuwa 24, kusan 69 ba su lakwal, ba su wurin aiki, ba su kuma koyon wata sana'a. Ga samari abin ya ɗara rabi, ga ƴan mata ya wuce uku cikin huɗu. Duk wanda ya ji wannan lissafi, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, hoto ɗaya ke zo masa a rai, wato samari jere bisa benci a gindin dogon yaro, buta kan gawayi, karta a hannu. Da wuya a samu mai tunawa da ƴan matan, ko da yake su ne suka fi yawa a cikin kwandon, domin su ba a ganinsu zaune.

A wata unguwa ta Damagaram, can bayan Kasuwar Dole, akwai gidan da in masu ƙirga sun shiga za su rubuta mutum biyu a wannan layi, wa da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi shekararsa 24, ita 17. A takarda matsalarsu ɗaya. A cikin gidan kuwa ba a taɓa kiran abin da ke damunsu da suna ɗaya ba.

Maigidan ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda, amma ba don kasuwa aka sa shi lakwal ba. Tsohonsa baduku ne, ya kai shi boko zamanin Janar Kunce, lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa, duk yaron da ya fito da takarda gwamnati na jiransa da teburi da albashi. Kafin ya kai ƙarshen lise duniya ta juya. Farashin uraniyom ya faɗi, Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka gindaya sharuɗɗa, aka tsuke ƙofar ɗaukar ma'aikata. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kenedi ta Yamai, karatu ya rikice, shekaru suka yi ta tafiya a banza tsakanin yajin ɗalibai da na malamai, ma'aikata kuma na bin bashin albashin watanni. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ya riga ya naɗe littattafansa ya bi wani maigida zuwa Kantin Kwari ta Kano yana ɗaukar masa dila. Daga nan ya tashi, har ya yi rumfarsa, ya yi gida, ya je Makka.

Wanda boko ya yi wa haka, sai a yi zaton zai tsane shi. Alhaji bai tsane shi ba, mikin ya riƙe. Ya ɗaura aniya cewa tsanin da ya karye masa a tsaka, ɗansa na fari zai hau shi har ƙarshe. Yaron bai ba shi kunya ba: ya ci BEPC, ya ci BAC, ya shiga jami'ar Damagaram wadda aka kafa a 2010, ya fito da takardar shekara uku. Ya aje takardunsa na neman aikin bautar ƙasa, ya zauna jarrabawar shiga aiki sau biyu tare da dubban irinsa, sa'an nan ya dawo gida ya shiga sahun masu jira.

Wurin jiran shi ne fada. Dattawa suna yi wa fada kallon sabon abu, amma samarin ƙasar nan ba su taɓa rasa matattara ba. Zamanin Kunce samariya ce, da sarkin samarinta, da aikin gayya, da gasar wasanni, duk a ƙarƙashin idon hukuma. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 samariya ta dusashe, ba a kuwa aza kome a gurbinta ba, sai samari suka aro sunan zauren sarki suka naɗa wa bencinsu. Damagaram na cikin garuruwan da abin ya fara tashe, gidajen rediyo masu zaman kansu suka ƙara masa kuzari da karanta gaisuwar wannan fada zuwa waccan. Fadar yaron Alhaji ta masu takardu ce. Suna da shugaba, suna da ma'aji, suna yashe kwata kafin damina, suna gyaran maƙabarta, suna gadin unguwa da dare, in ɗayansu ya yi rashi su ne masu kafa rumfa. Sauran lokacin shayi ne, zuwa uku, da gardamar ƙwallo da siyasa, da duba salula ko an fitar da sanarwar ɗaukar aiki.

Unguwa dai ba ta bambancewa. Tun ranar 16 ga Janairu 2015, da zanga-zangar zanen ɓatanci ta rikiɗe aka ƙone majami'u da cibiyar al'adun Faransa a garin, kowane taron samari sai a yi masa kallon busasshen haki kusa da wuta. Ana haɗa su da ƴan pale masu ɗaga ƙarfe, irin waɗanda Aicha Macky ta nuna rayuwarsu a unguwar Kara-Kara cikin fim ɗinta na 2021. Tsoron nan kuwa yana da amfaninsa ga samari, ko da yake ba daɗi: saboda shi ake kiran taruka, ake zuwa da ayyukan tallafi, ƴan siyasa ke aiko da sukari da ganyen shayi in zaɓe ya gabato. Wanda ake tsoro ana tunawa da shi.

Alhaji na wucewa ta gaban fadar sau biyu a rana, ya kawar da kai, samarin su ɓoye kofuna su gaishe shi. A gida ya kan kira abin zaman kashe wando. Amma in an bi ta barauniyar hanya aka tambaye shi me ya hana ya ja yaron rumfa, sai ya yi shiru, domin rumfar ba ta ɗaukar mutum biyu. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Bai gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙasashen yankin suka ƙaƙaba takunkumi, iyaka ta sake rufewa, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba a sassauta ba sai farkon 2024. Jari ya zaizaye. Kabu-kabu na son kuɗin babur. Sayar da man fetur a kwalba, sana'ar ƴan ruwa-ruwa da ta rufa wa samari da yawa asiri, ita ma ta ja baya tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023. Saura hanyar arewa, Libiya ko Aljeriya, ita kuwa Hajiya ta rantse ba da yawunta ba. Ba ta mance da Oktoban 2013 ba, sa'ad da aka tsinto gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga ƙasar Kance, nan kusa, ƙishirwa ta kashe su.

To, sukarin fada da gawayinta da kuɗin katin salula daga ina suke fitowa? Kowane ɗan fada na jefa abin da ya samu a asusu. Abin da yaron Alhaji ke jefawa kuwa, dala ashirin yau, dala hamsin gobe, daga ƙullin zanen uwarsa yake fitowa, ta miƙa masa a ɓoye don kada ya ji kunya cikin tsararsa. Ƙullin zanen kuma tiren ƙanwarsa ne ke cika shi.

Yarinyar na tashi kafin kiran assalatu. Damagaram gari ne bisa dutse, ƙarancin ruwansa tsoho ne, har yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Da bazara famfon gidan sai ya kwana biyu bai ɗiga ba, in ya zo ma tsakar dare yake zuwa. Don haka aikinta na farko shi ne jera jarkoki a layi, ta ciko, ta turo a kura ko ta ɗauko a ka. Ta dawo ta hura wuta, ta dama kunu, ta wanke ƙannenta uku ta shirya su lakwal, ta share tsakar gida, ta kai hatsi inji. Waken suyan da aka jiƙa da dare ita ke kai shi markaɗe, ta tace, ta tsaya kan wuta har ya dunƙule, ta taya uwarta yanka awara da soyawa. Hantsi ya yi ta aza tire, ta bi ƙofar makarantu da bakin tasha, ba ta komowa sai tiren ya ƙare. Bayan azahar ga wanki, ga goyon auta, ga tuwon dare. In an yi odar alkaki na biki, abin da aka san gidan da shi, sai a kai sha biyun dare ana murzawa ana soyawa ana tsomawa a zuma. In an lissafa, ta fi ma'aikacin biro awoyin aiki nesa ba kusa ba, ba Asabar ba Lahadi, ba hutun shekara.

Amma da mai ƙirga zai tsaya a zaure ya tambayi Alhaji abin da ɗiyarsa ke yi, amsar a shirye take: ba ta kome, tana gida. Ba kuwa ƙarya ya yi niyya ba. Girki da wanki da raino ba su shiga lissafin aikin yi, tallar da ta cancanci shiga kuma ba a faɗinta, tun da jarin na uwa ne, ribar ta uwa ce, yarinyar hannu ce kawai. Haka ake cika layin marasa aiki da mutanen da ba su da lokacin zama.

Yadda ta bar lakwal ma ba wanda zai iya nuna ranar da aka yanke shawara. Tana aji na ƙarshe na koleji Hajiya ta yi haihuwa ta takwas, haihuwa mai wuya, sai da aka yi mata aiki a likita. Wata biyu yarinyar ita ce uwar gida. Ta koma aji an yi mata nisa, ta zauna BEPC ta 2023 ta faɗi. Da yake ta taɓa maimaita aji, makarantar gwamnati ba ta sake karɓarta ba, sai dai ta kuɗi. Makonni kaɗan bayan fitowar sakamakon iyaka ta rufe, kayan Alhaji suka maƙale, ɗan abin da ke hannu aka ce a ƙarasa wa babban shekararsa ta ƙarshe, ita sai baɗi in Allah ya hore. Baɗi ta zo, ba wanda ya tada maganar. Gidan ya riga ya saba da hannunta, awara ta yi kasuwa, littattafanta suna cikin kwali a ƙarƙashin gado.

Bayan babbar salla ta 2024 wani abokin huldar Alhaji, ɗan kasuwar hatsi daga Matamai, mutum mai kimanin shekara 45 da mace ɗaya, ya aiko manya. Mutumin kirki ne, ba a san shi da wani abin assha ba, yana da rufin asiri. Alhaji ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Ba don kwaɗayi ba, wannan ya kamata a faɗa, domin masu zagin iyaye daga nesa sun cika ɗaukar kowane uba mai sayar da ɗiya ne. Tsoro ne. Yarinya ta girma, kullum tana bakin tasha da tire cikin direbobi da ƴan kamasho, ba lakwal da za a ce ana jira ta gama. A ganinsa ɗiyar da ba ta karatu ba ta kuma ɗakin miji tana tsaye ne a fili ba inuwa, kuma alhakin na wuyansa ranar gobe.

Ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna cewa cikin mata 100 masu shekara 20 zuwa 24, an aurar da 76 kafin su kai 18, 28 kuma kafin 15, jihohin Maraɗi da Damagaram na sahun gaba. Dokar farar hula da aka gada daga Faransa ta aza wa ɗiya mace shekara 15, namiji 18, aure mafi yawa ma ba ya bi ta kanta, a zaure ake ɗaura shi. Kundin iyali da aka so kafawa ya gamu da adawar ƙungiyoyin addini a 1994 aka jingine shi, yunƙurin 2011 ma haka ya ƙare. A idon unguwa, ɗiyar Alhaji mai shekara 17 har ta fara daɗewa.

Wani abin lura shi ne, talaucin da ke tura ƙanwar ɗaki da gaggawa shi ne ke riƙe da wanta a waje. Yana da wadda yake so tun suna lise, ta jira shi shekara uku, iyayenta suka gaji suka ba wani ma'aikaci. Zamanin Kunce an taɓa ƙayyade sadakin budurwa jika 50, amma yau sadaki shi ne ƙaramin abu: ga akwatunan lefe, ga hayar ɗaki, ga hidimar biki, alhali mafi ƙarancin albashi, bayan ƙarin 2024, jika 42 ne ga wanda ya yi sa'ar samun aikin. Saurayin da ba ya iya aure yaro ne ko ya yi gemu, ba a sa shi a shawara, ba a ba shi gaban sahu. Masu halin aure su ne manyan ƴan kasuwa da ma'aikata, su kuwa ƴan mata suke nema. Haka tsara guda ke rabuwa biyu, matan a kwashe su zuwa gidajen sa'o'in iyayensu, mazan a bar su a benci.

Hajiya ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Ita kanta tana da 15 aka kawo ta gidan. Shekara da shekaru tana zubi a asusun mata na unguwa, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maraɗi a 1991, duk kwasar da ta yi sai ta sayi kwano ko kula ko zannuwan gado ta tura ƙarƙashin gado, kusa da kwalin littattafan nan. Tallar ma asalinta ke nan, yarinya na tara kayan ɗakinta da ƙafarta. Uwar na son ta ga ranar da za a jera kayan a yi guɗa. Tana kuma sane da cewa ranar da aka fitar da amarya, ranar ce za ta rasa hannunta na dama, sana'arta ta ragu da rabi. Tsakanin waɗannan biyu ta tsaya, ta ce abin da Alhaji ya gani shi ne daidai.

Wadda ta tsaya a hanya ita ce yayar Alhaji, gwaggon yaran, tsohuwar malamar makaranta da ta aje aiki. Tana ɗaliba a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991, sa'ad da mata suka fito titi suka nufi ofishin firaminista don an kusa mancewa da su a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, ranar da ta zama ranar matan Nijar. Ba ta cika faɗin wannan ba, amma ƙanenta ya san da shi, shi ya sa da ya ji sallamarta da la'asar ya gyara zama.

Bayan gaisuwa ta ce, "Alhaji, a gidan nan mutum biyu ne ba su lakwal ba su aiki. Don me maganin ɗaya haƙuri, maganin ɗaya aure?"

Ya ce, "Yaya, namiji ko a waje ya kwana, da safe namiji ne. Ɗiya mace in ta yi tuntuɓe sau ɗaya, ni da ke ba mu sake ɗaga kai a garin nan."

Ta ce, "To wa ya aza mata tiren da kake tsoro? Kai ka bar ta ta fita talla don tukunya ta tafasa, yanzu kuma tallar ce hujjar aurar da ita."

Ta tuna masa da dokar da gwamnati ta sa wa hannu a Disambar 2017 don kare karatun ɗiya mace. Ya amsa cewa dokar ta masu cikin aji ce, tasa ta riga ta fito, kuma bai ga takardar da ta taɓa cika buhun hatsi ba. Ta ambaci makarantun kwana na ƴan mata da aka fara buɗewa a Kelle a 2021. Ya ce wannan na ƴan ƙauye ne da koleji ya yi wa nisa, ita kuwa tasa koleji na bayan gida, ba nisa ya hana ta ba. Sa'an nan ya kawo hujjar da ta fi kowace nauyi, ya nuna ƙofar gida da hannu: ga wanda aka kashe wa kuɗi shekara goma sha bakwai yana can yana wanke kofunan shayi, in bokon bai fisshe da namiji mai takardar jami'a ba, me BEPC za ta yi wa mace?

Wannan tambaya ita ce ke cin ƴan mata a gidaje da dama, kuma ba ta wauta ba ce. Zaman wa a benci shi ke zama shaida a kan ƙanwa. Sai dai akwai ramin da ke cikinta. Yaron, duk da zamansa, yana da abin da zai miƙa ranar da aka buɗe ƙofa, ko koyarwa ce ta kwantaragi, ko aikin wata ƙungiya, ko riƙe littafin wani ɗan kasuwa. Jiransa na da ƙofa a gaba. Yarinyar da aka kai ɗaki ba takarda ba sana'a tata ta kanta, in auren ya yi daɗi to madalla, in kuwa ya mutu, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, za ta dawo wannan gida da goyo, ta sake aza tiren, wannan karon ba mai ce mata baɗi. BEPC ba ta ba da albashi, amma ita ce mabuɗin makarantun koyon aikin jinya da sauran sana'o'i, ba a tsallake ta. Gwaggo ta faɗi wannan da nata kalmomi, ta ƙara da cewa ba ta zo hana aure ba, shekara ɗaya ta zo roƙo.

Cikin duk wannan ba wanda ya tambayi mai abin. Gwaggon ce ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa. Amsar da ta samu ba irin ta taron ƙungiyoyi ba ce. Yarinyar ta ce tana son ta sake zama jarrabawar, har yanzu ta kan buɗe littafin lissafi in ta samu sarari. Ta kuma ce, kanta a sunkuye, "Gwaggo, na gaji. Ƙawayena da aka yi wa aure suna da ɗakinsu, suna kwanciya da rana. In karatun ne tare da ruwa da awara da talla, zan sake faɗuwa, a ce ba ni da kai." Ashe abin da ake kira son aure ga yarinya wani lokaci son hutu ne, ko da yake duk matar da ta shiga ta san irin hutun da ke can.

Daga nan maganar ta bar dokoki ta komo kan jarkoki. Gwaggo ta ce za ta biya kuɗin darasin yamma daga fanshonta, a rubuta yarinyar cikin masu zama jarrabawa daga gida, amma da sharaɗin a sauke mata ruwa da talla. Ta kira babban ta ce masa ruwan gidan ya koma wuyansa. Saurayin ya yi tsuru-tsuru. A garin nan maza na tura kurar ruwa, ƴan ga-ruwa ke nan, amma don kuɗi suke yi, kuma ba masu takardar jami'a ba ne. Namiji ya tsaya layin famfo cikin mata da yara don tukunyar uwarsa, wannan abin ba'a ne da fada za ta yi wata tana taunawa. Ya ce shi bai ƙi ba, amma a duba matsayinsa. Gwaggo ta tambaye shi ko ya san inda dala hamsin ɗin da yake jefawa a asusun shayi ke fitowa. Ya sani. Bai taɓa jin an faɗa da baki ba ne.

Bai yi gardama ba, bai kuma yarda a gan shi ba. Ya shirya da wani ɗan fadarsu mai kura, suna fita ƙarfe uku na dare sa'ad da layin ya fi sauƙi, kafin assalatu randunan gidan sun cika. Ƴan fadar sun gane, suka yi dariyar kwana biyu, suka bari, don ba shi kaɗai ke da ƙanwa ba. Alhaji ya aika wa mutumin Matamai da ban haƙuri, ya ce a dakata sai bayan jarrabawa. Mutumin ya amsa da mutunci, bai ce ya janye ba, bai ce zai jira ba, huldar kasuwa dai ta ɗan yi sanyi, abin da Alhaji ya ji a aljihunsa bai kuwa ɓoye wa yayarsa ba. Ya ce shekara ɗaya ya bayar, in ta faɗi kada a sake zo masa da magana.

Saura talla. Awarar ba ta tsayawa, domin da ita ake sayen cefane tun da rumfa ta yi rauni, Hajiya kuma ba ta fita. An yi maganar ɗaukar ƴar aiki daga ƙauye, aka ga ɗiyar wani ce za a ciro daga nata gidan, kuma sai an biya. An yi maganar babban ya kafa teburi a ƙofar gida ya sayar, ya ce ruwa dai ya ɗauka, awara kuwa a yi masa rai. A ƙarshe Hajiya ta duba cikin ɗiyanta ta kira mai bi wa yarinyar, wadda ke da shekara 11 tana aji biyar na firamare, ta ce daga yanzu in an tashi tsakar rana ta riƙa zagayawa da tiren kafin ta koma aji, ranar da babu lakwal kuma ta wuni da shi. Aka yi mata sabon gammo daidai kanta.